Electronic Labyrinth: THX 1138 4EB

Electronic Labyrinth: THX 1138 4EB gajeren fim ne na almarar kimiyya wanda George Lucas ya rubuta kuma ya ba da umarni a shekarar 1967, lokacin yana ɗalibi a sashen koyar da fim na Jami'ar Kudancin Kalifoniya da ke Los Angeles, a ƙasar Amurka. Tsawonsa minti 15 ne. An fi saninsa a matsayin tushen dogon fim na farko da Lucas ya yi, wato THX 1138, amma yana kuma nuna yadda ɗalibin da ba shi da kuɗi kan yanka labarinsa daidai da kayan aikin da ke hannunsa.

Labari

Labarin ya faru ne a shekarar 2187, a wata al'umma da na'urori ke sa wa kowa ido. Mutane ba su da suna sai lamba, wadda ake rubuta musu a goshi. Wani mutum mai lamba 1138 yana gudu cikin dogayen lunguna yana neman mafita, jami'ai kuma suna bin sawunsa ta allunan talabijin. A ƙarshe ya buɗe wata ƙofa ya fita sarari daidai faɗuwar rana. Hukuma ta aika wa abokiyar zamansa, mai lamba 7117, saƙon ta'aziyya cewa ya halaka kansa.

Iyakar labarin ke nan. Babu hirar da ’yan wasa ke yi fuska da fuska irin wadda aka saba. Yawancin abin da kunne ke ji muryoyin jami'ai ne ta rediyo, suna hawa kan juna, cike da lambobi da umarni. Harshen fim ɗin kansa na bayar da rahoto ne, ba na zance ba, kuma shi ya fi komai nuna irin duniyar da ake ciki.

Asalin ra'ayin

Lucas ya daɗe da tunanin cewa zamanin da ake hasashe ya riga ya iso, don haka ana iya yin fim a kan nan gaba da gine-gine da na'urorin da ake da su a yau, ba sai an gina sababbi ba. Abokan karatunsa biyu, Matthew Robbins da Walter Murch, suna da wani ra'ayi mai kama da wannan, na mutumin da ke tserewa daga wata duniya ta ƙarƙashin ƙasa. Robbins ya rubuta shi a taƙaice, daga baya su biyun suka bar maganar, Lucas kuma ya ɗauka ya ci gaba. Ya sha ambaton tasirin da gajeren fim ɗin 21-87 na Arthur Lipsett, ɗan ƙasar Kanada, ya yi masa, musamman yadda yake haɗa hoto da sautin da ba nasa ba. Shekarar da labarin ya faru tana tuna wa mai kallo wannan sunan.

Shiri da ɗauka

Babbar matsalar ɗalibin fim a wancan lokaci ita ce tsadar zaren fim da kuɗin wanke shi, musamman mai launi. Mafita ta zo ta wata hanya da ba a zata ba. Jami'ar tana da tsohuwar yarjejeniya da rundunar sojojin ruwan Amurka, wadda ke turo masu ɗaukar hotonta su ƙaro ilimi. Malamai ba su cika son wannan aji ba, saboda sojojin sun zo da tsarin aikinsu da ba sa son sauyawa. Sai dai rundunar ce ke biyan kuɗin fim mai launi da na wanki. Lucas ya karɓi koyar da ajin, ya mayar da aikin ajin ya zama fim ɗinsa.

Sojojin su ne ma'aikatan fim ɗin, wasunsu kuma suka fito a ciki. Sunan rundunar ya buɗe masa ƙofofin da ɗalibi shi kaɗai ba zai samu ba: ɗakin kwamfuta na jami'arsu, wurin ajiye motoci a Jami'ar Kalifoniya reshen Los Angeles, babban filin jirgin saman birnin, da filin jirgin Van Nuys. Da dare aka yi yawancin ɗaukar, wani lokaci kuma a ƙarshen mako.

A nan ne ake ganin dacewar ra'ayin da halin da aka yi shi. Labarin mutum ɗaya da ke gudu ba ya buƙatar ƙwararrun ’yan wasa ko haddace dogon zance. Lungunan da babu kowa da tsakar dare sun wadatar a matsayin birnin gobe. Muryoyin rediyo kuwa ana iya ɗora su daga baya, hakan ya rage wahalar ɗaukar sauti a wurin aiki. Farashin wannan tsari shi ne mai kallo ba ya sanin 1138 sosai, bai san abin da ya tunzura shi ba.

An kammala aikin cikin mako 12. Lucas ya tace fim ɗin da na'urar Moviola a gidan Verna Fields, wadda yake aiki a ƙarƙashinta da rana wajen tace finafinan hukumar yaɗa labarai ta gwamnatin Amurka.

Karɓuwa

A watan Janairun 1968 fim ɗin ya zo na ɗaya a rukuninsa a bikin finafinan ɗalibai na ƙasa da aka yi a New York. Steven Spielberg, wanda shi ma matashi ne a lokacin, yana cikin waɗanda suka kalle shi tun yana sabo. A 1971 Lucas ya faɗaɗa shi zuwa dogon fim a kamfanin American Zoetrope na Francis Ford Coppola, da kuɗin Warner Bros. Murch, wanda ya bar ra'ayin tun farko, ya dawo suka rubuta labarin tare, Robert Duvall kuma ya fito a matsayin THX. Dogon fim ɗin bai yi kasuwa ba da farko. A 2010 Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya saka gajeren fim ɗin cikin kundin finafinan ƙasa da ake adanawa.