Yadda Ilmin Noma Ya Shiga Jami'a a Ƙasar Gwandu

Garin Gwandu ƙarami ne in an gwada shi da Kano ko Katsina, amma a fagen ilmi sunansa ya kai inda na manyan birane ya kai. Dalili kuwa shi ne Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ƙanen Shehu Usmanu. Shi ya ja rundunar da ta ci Birnin Kebbi cikin shekarar 1805, kuma sa'ad da Shehu ya raba hukuncin ƙasa a 1812 sai ya danƙa masa yammacin daula. Daga baya ya tare a Gwandu, can ya rasu a 1829, can kuma hubbarensa ya ke, Allah ya jiƙansa.

In an ambaci littattafansa, mutane sun fi tunawa da Diya'ut Ta'wili, watau tafsirinsa na Alƙur'ani, da Diya'ul Hukkami wanda ya rubuta wa mutanen Kano a kan sha'anin mulki. Amma akwai wani ɗan ƙaramin littafi nasa wanda ba a cika zancensa ba, a na ce da shi Ta'alimur Radi. Abin da ya tattauna a ciki shi ne hanyoyin da mutum ke samun iko da matacciyar ƙasa, watau dajin da ba mai shi. A shari'ar Malikiyya, wadda Malam Abdullahi ya bi, mutum ya kan mallaki irin wannan ƙasa in ya raya ta, ko ta fid da ruwa a cikinta, ko gini, ko dasa itatuwa, ko sassabe da noma. In kusa da gari ta ke, sai da iznin shugaba. Sa'an nan kowane gari ya na da hurumi, wurin da mutanensa za su yi itace, dabbobinsu su yi kiwo, su tafi da safe su komo da yamma, ba wanda ya isa ya kange shi ya ce nasa ne. Rijiya ma ta na da nata hurumi, kada a yi abin da zai rage mata ruwa ko ya ƙuntata wa masu zuwa sha. Mai karatu ya lura da wannan, gama abin da yau a ke koyarwa a jami'a da sunan kula da muhalli, watau tsare ƙasa da ruwa da daji don kada na yanzu su cinye rabon na baya, an taɓa zancensa a zaurukan Gwandu tun ba a san hanyar mota ba.

Sai dai wannan ilmin alƙalai ne. Shi noma kansa, yadda a ke gane ƙasa da yadda a ke zaɓen iri, ba a littafi ya ke ba. A hannun talakawa ya ke, uba ya koya wa ɗa a bakin kunya. Sun kuwa iya. Wani Bature mutumin Jamus, sunansa Barth, wanda mutanen ƙasar nan suka sani da Abdulkarim, ya sauka Gwandu a 1853, zamanin Sarkin Gwandu Halilu. Bai sami ganin Sarki ba, domin Halilu mutum ne mai son kaɗaici da ibada. Amma ya sami abu biyu waɗanda ya rubuta labarinsu. Ɗaya shi ne littafin Tarikhus Sudan, tarihin Sanwai da Tambutu, wanda ya tarar a hannun wani malami ya zauna ya na kwafa. Ɗayan kuwa shi ne lambunan da ke bakin rafin da ya ratsa gari, inda ya ga ayaba da albasa mai girma da kyau har ya yabe ta. Littafin nan ya kai labarinsa Turai, masana suka yi ta murna. Masu albasa kuwa ba wanda ya rubuta yadda su ke yi.

Haka nan sha'anin fadamar Gulbin Kebbi, wadda ta miƙe daga Argungu ta bi ta Birnin Kebbi da Kalgo har Bunza. Tun kaka da kakanni mutanen wurin ke shuka jar shinkafa, wadda asalinta na Afirka ta Yamma ne, ba kawo ta aka yi ba. Akwai irinta mai bin ruwa: in gulbi ya na ƙaruwa, ita ma karanta ya na ƙara tsawo, ba ta nutsewa muddin ruwan bai zo da gaggawa ba. Manomin fadama ya san tudun da ruwa ke fara saki da kwarin da ya ke daɗewa, ya san irin da ya dace da kowanne. Duk lissafinsa a kan zuwan ruwa da janyewarsa ya ke.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903, suka kafa mulki, sai aka sami Ma'aikatar Gona. Cikin shekarun 1920 aka kafa gonar gwaji a Samaru kusa da Zariya, daga baya aka buɗe makarantar koyon aikin gona a wurin. Daga nan malaman gona ke fitowa, a rarraba su ga En'e-En'e. Wajen 1928 aka soma koya wa mutane noman shanu, watau a ɗaura wa bijimai biyu garma, a kuma tara takinsu a kai gona. Wannan ya karɓu, har yau a na cin moriyarsa. Amma gaskiya ita ce hankalin gwamnatin wancan zamani ya fi karkata ga auduga da gyaɗa, abin da a ke ɗauka a jirgi a kai Ingila. Gero da dawa da shinkafar fadama su ne a baya. Malamin gona kuwa, ko da ya ke ya na da amfani, ba shi da kwarjinin akawu ko malamin haraji. Yaron da ya gama midil, in an tura shi Samaru, iyayensa su kan ga kamar an mai da shi inda ya fito, su ce ina amfanin karatun da zai ƙare a riƙon fartanya?

Su ma Turawan ba kullum su ke dacewa ba. A 1949 aka buɗe wata babbar gona a Mokwa, aka kawo injuna, aka tara mutane aka yanka musu filaye, aka tsara musu abin da za su shuka da ranar da za su shuka shi. Injin ya iya sharar daji da huɗa, amma ciyawa sai hannu, ga fili ya fi ƙarfin iyali guda. Kafin 1954 ta ƙare aikin ya rushe, kuɗi masu yawa sun salwanta. Ba a tambayi manomi ba tun farko.

Noma ya fara shiga jami'a a Nijeriya ta Ibadan, inda aka buɗe kwalejin jami'a a 1948. A Arewa kuwa sai 1962, sa'ad da aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, aka mai da gonar gwaji ta Samaru a ƙarƙashinta. A nan ne wani abu ya faru wanda ya kamata kowane manomi ya sani. Shekara da shekaru malaman gona na hana mutane haɗa shuka, su na cewa a yi gero dabam, wake dabam, kowanne a jere. Manoma su ce to, in malam ya hau kekensa su ci gaba da abinsu. Cikin shekarun 1960 wani masani mai suna David Norman da abokan aikinsa suka shiga ƙauyukan Zariya, daga baya na Sakkwato da Bauci, suka riƙa auna gonaki da ƙidaya kwanakin aiki da amfanin da aka girbe. Da suka buga lissafi sai suka tarar mai haɗa gero da dawa da wake a gona guda ya fi samun riba a kan wahalarsa, kuma in damina ta ƙi, da wuya ya tashi hannu wofi. Ashe manomi ba jahilci ya hana shi bin umurni ba. Tun daga lokacin nan masu ilmin noma suka fara koyon zama a tabarma su saurara.

Sai ga farin 1973. Amfanin gona ya ƙone, shanu suka mutu, mutane suka kwararo daga arewa neman abinci. Gwamnati kuwa ta sami kuɗin man fetur, sai ta ga maganin fari shi ne a datse gulabe a tara ruwa. Aka gina madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato kusa da Talata Mafara, aka gama a 1978, aka kuma gama ta Goronyo a kan Gulbin Rima a 1984. A Bakolori manoman da aka karɓe wa gonaki suka tayar da ƙayar baya a kan diyya, har a watan Afrilu na 1980 'yan sanda suka buɗe musu wuta, aka rasa rayuka da yawa. Wannan kowa ya ji. Abin da bai yi ƙara ba shi ne halin da mutanen ƙasa da madatsar suka shiga. Ruwan da ya saba malala cikin fadama kowace damina ya ragu, shinkafa ta ja baya a wurare da yawa, mutane suka koma gero da dawa, masunta ma kamunsu ya ragu. Wani masani daga Jami'ar Cambridge, William Adams, ya bi ƙauyukan ya rubuta wannan. Injiniyoyin da suka gina madatsa sun san aikinsu sarai, amma ba wanda aka ɗora wa alhakin duba gulbi tun daga kansa har wutsiyarsa, da mutanen da ke ci daga gare shi. Irin wannan giɓi shi ya sa aka ga tilas a yi ilmi na musamman a kan muhalli. Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar kare muhalli a 1988, ta kuma yi masa ma'aikata sukutum a 1999, jami'o'i suka shiga buɗe sassan koyar da shi.

Duk wannan lokaci ɗan ƙasar Gwandu da ke son irin wannan karatu sai ya yi ƙaura, ko Zariya, ko Sakkwato inda aka kafa jami'a a 1975, wadda aka raɗa wa sunan Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. Da aka yanke Jihar Kebbi a 1991 sai al'amari ya fara matsowa gida. A 2006 gwamnatin jiha ta kafa jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, garin da ya shahara da noman albasa, aka sa tsangayar aikin gona a cikinta, daga baya kuma aka sa mata sunan Abdullahi Fodiyo. A 2013, zamanin Shugaba Goodluck Jonathan, aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi tare da ta Gusau da ta Gashuwa, mazauninta kuwa a Kalgo ya ke, kan hanyar Bunza, har mutane da yawa ba su kiranta sai Jami'ar Kalgo. A 2020 kuma aka ɗaga kwalejin aikin gona ta Zuru ta zama jami'ar noma ta tarayya.

Karatun digirin noma shekara biyar ne, ya ɗara na yawancin fannoni da shekara guda, domin akwai shekarar da ɗalibi zai ajiye alƙalami ya shiga gona da garke da kansa. Ya kan koyi halin ƙasa da abin da ke ƙare mata ƙarfi, da cututtukan shuka da na dabbobi, da kiwon kifi, da renon itatuwa, da lissafin riba da hasara, da yadda a ke isar da sabuwar dabara ga mutanen ƙauye. Har yanzu dai akwai iyayen da ke ganin wannan karatu na wanda ya rasa likitanci ne, akwai kuma ɗaliban da ke gama shi su tafi neman kujera a ofis. Wannan hasara ce, gama aikin da ke jiransu a bakin ƙofa ya ke.

Dubi shinkafa. Tun shekarun 1990 aka yaɗa bohol na fadama da ƙananan injunan ban ruwa, noman rani ya bunƙasa, irin shinkafa na zamani kamar Faro 44 ya cika wuri. A watan Nuwamba na 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance, sunan Kebbi ya ɗaukaka a ƙasa duka. Amma sabon iri gajere ne, ba ya bin ruwa kamar na da. A 2010 ambaliya ta ci Sakkwato da Kebbi, har ta yanke hanyar da ta haɗa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da gari. A 2020 ta sāke zuwa ta shafe shinkafa mai ɗimbin yawa a fadamun Kebbi, manoma da yawa suka wayi gari ga bashi a wuya, ga gona ƙarƙashin ruwa. Wane ne zai auna gulbi ya gaya wa mutanen Kalgo da Bunza ranar da ruwan Goronyo zai iso musu? Wane ne zai adana tsohon irin jar shinkafa kada ya ɓace? Ga kuma burtali da mashaya da hurumin gari, waɗanda gonaki ke ci kaɗan-kaɗan, har makiyayi da manomi su kai ga zub da jini a kan abin da Malam Abdullahi ya riga ya yi bayaninsa.

Akwai wani ɗan itace wanda sunansa ɗaya ne da na garin da jami'ar ta ke, watau kalgo. Kowa ya san shi: a na ɗaye ɓawonsa a yi igiya, shanu na cin 'ya'yansa, in damina ta gabato manomi ya sassabe shi tare da sabara ya cinna musu wuta. Masana a ƙasar Senegal sun yi shekaru su na gwada gonakin da aka bar waɗannan itatuwa biyu da yawa a ciki, a na datse rassansu a na mai da ganyen cikin ƙasa maimakon ƙonewa. Suka tarar gero da gyaɗa sun fi yabanya a wurin. Game da sabara har sun gano cewa saiwarta ta kan jawo ruwa daga can ƙasa, da dare ta sake shi kusa da sama, geron da ke gindinta ya sha, ya jure ƙishin da ke kashe na fili.