Waiwaye Adon Tafiya: Tsofaffin Motoci da Gadoji a Matsayin Kayan Tarihi

Duk wanda ya taɓa shiga Gidan Tarihi na Ƙasa da ke Onikan, a birnin Ikko, da wuya ya manta da wata baƙar marsandi da aka keɓe wa ɗaki guda. A cikinta aka harbe Shugaban Ƙasa, Janar Murtala Ramat Muhammad, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu, 1976, yana kan hanyarsa ta zuwa Barikin Dodan. Har yanzu ga hudojin harsashi nan a jikinta. Mun sha ganin ɗalibai sun shiga ɗakin nan suna hira da raha, su fito jiki a sanyaye, ba mai ce wa wani uffan. Abin da malamin tarihi zai yi sa'a guda yana bayani, motar nan ta faɗe shi ba tare da ta yi magana ba. Gani ya kori ji.

To, abin tambaya shi ne, ina sauran? Mota ta haura shekara 100 a ƙasar nan, ta sauya mana ciniki da aure da aikin hajji da yaƙi, amma in aka ce a nuna wa yaro irin motar da kakansa ya fara shiga, sai dai a yi masa kwatance da baki. Mun yarda takobi da sulke da tsohon kundi kayan tarihi ne. Mota da gada kuwa, a wurinmu, in sun tsufa sun zama ƙarfe, ƙarfe kuma na mai sikeli ne.

Asalin abin dai ba a nan yake ba. A shekarar 1886 wani Bajamushe, Karl Benz, ya yi rajistar kekensa mai ƙafa uku wanda ke tafiya da fetur. Mutane ba su ɗauke shi da muhimmanci ba sai a 1888, da matarsa Bertha ta ɗauki 'ya'yansu biyu ta tuƙa shi daga Mannheim zuwa Pforzheim, tafiyar da ta zarce kilomita 100. A Ingila kuwa doka ce ta daɗe tana riƙe da ƙafar mota, domin dokar 1865 ta ce abin hawa mai inji kada ya wuce mil 4 a sa'a a karkara, mil 2 a gari, kuma sai wani ya riƙa tafiya a gabansa da jan ƙyalle. Da aka sassauta dokar a 1896, masu motoci suka yi jerin gwano daga Landan zuwa Brighton don murna. An farfaɗo da wannan jerin gwano a 1927, kuma ana yin sa a watan Nuwamba, ba a yarda mota ta shiga ba sai wadda aka ƙera kafin 1905. Wato akwai mutanen da ke kashe dukiya da lokaci don motar da ta girmi kakanninsu ta ci gaba da numfashi. Wanda ya mai da mota abin da talaka zai iya saye shi ne Henry Ford na Amurka, da motarsa Model T, wadda aka ƙera kimanin miliyan 15 tsakanin 1908 da 1927.

A Nijeriya ta bakin teku mota ta shigo. Hanyar Badun zuwa Oyo, ta 1906, ita ake lissafawa a matsayin hanyar mota ta farko, kuma a Ikko aka fara samun 'yan ƙasa irin su W. A. Dawodu da suka shiga sana'ar shigo da motoci da gyaransu. A Arewa jirgin ƙasa ya riga mota yin ƙarfi, domin dogo ya isa Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki hanyar mota a matsayin baiwar dogo: aikinta ta kwaso gyaɗa da auduga da fata ta kawo tasha, ba ta yi kishi da jirgi ba. Akasarin hanyoyin nan na jar ƙasa ne, da gumin talakawa aka share su ta hannun En'e, sau da yawa ba da son ransu ba. Da damina akan sa shinge a rufe hanya bayan an yi ruwa, sai ta sha iska a buɗe. Inda babu gada kuwa sai fito. Dattawan direbobi suna da labarin kwanakin da suka yi a bakin kogi suna jiran ruwa ya janye, kuma irin wannan labari yana tafiya kabari tare da masu shi, ba mai rubutawa.

Wani abin da ba a cika kula da shi ba shi ne yadda hanyar mota ta raya wasu garuruwa ta kashe wasu. Fataken da ke zuwa Gwanja sayen goro suna da zangunansu, kowane zango da rijiyarsa da masu abincinsa da fatomansa. Da mota ta zo, tafiyar kwana goma ta koma ta yini guda, ba a bukatar yada zango. Garin da hanya ta ratsa ya samu tasha da kasuwa. Wanda ta kauce wa da mil biyar kacal ya koma ƙauye.

Akwai wata tafiya da ta shafi ƙasar Hausa kai tsaye, wadda Faransawa suka fi mu sanin labarinta. Bayan motocin kamfanin Citroën sun ƙetare Sahara daga Touggourt zuwa Tambutu a ƙarshen 1922 da farkon 1923, sai aka shirya babbar tafiya ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil. Motoci 8 suka tashi daga Colomb-Béchar ta Aljeriya ranar 28 ga Oktoba, 1924. Gabansu taya ne, bayansu kuwa bel ne na roba mai kama da na tankar yaƙi, don kada rairayi ya riƙe su. Suka biyo ta Yamai, suka ratsa Tasawa da Damagaram, suka nufi Tafkin Chadi, ba su tsaya ba sai Madagaska a 1925. Tare da su akwai mai zane Alexandre Iacovleff da mai ɗaukar majigi Léon Poirier, kuma sun ɗauki hotunan Sarkin Tasawa Barmu da mutanen fadarsa. Ba mu ce tafiyar alheri ce zalla ba. Tallar kamfani ce da nuna isar mulkin mallaka, kuma idon da suka kalli mutanenmu da shi ido ne na mai kallon abin mamaki. Amma su sun adana hotuna da majigi da ma wasu daga cikin motocin. Mu da aka ratsa ƙasarmu, me muka adana? Ko abin da mutanen Tasawa suka ce ran da suka fara ganin waɗannan dodanni ba mu da shi a rubuce.

Idan muka juya ga gadoji, za mu ga ba a rasa abin yabo ba. Gadar ƙafa ta ƙarfe da aka kafa a Zungeru a 1904, lokacin da garin ke hedikwatar Lugga, an kwance ta an kai Kaduna a 1954, aka sake ɗaura ta a lambun Gamji, aka kuma sa ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa a 1956. Ta tsira, amma an raba ta da mahallinta. Gada a kan rafin da aka gina ta dominsa tana ba da labarin gari da mutanensa. Gada a cikin lambun shaƙatawa kuwa wurin ɗaukar hoto ce. Zungeru, wadda aka ƙwace wa hedikwata aka ba Kaduna, an bi ta an ƙwace mata har abin tunawa. Gadar Jebba, wadda aka kammala a 1916 ta haɗa dogon Ikko da na Arewa ba tare da fito ba, da ta Makurɗi ta 1932, duk sun cancanci a kula da su fiye da yadda ake yi. Gadar Carter ta Ikko kuwa, wadda aka fara ginawa a 1901, an sake ta fiye da sau ɗaya, suna kawai ya rage na asali.

Inda mota ta fi yi mana ɓarna shi ne ƙofofin birane. Ganuwar Kano, wadda aka ce Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12, an yi ƙofofinta ne daidai raƙumi da jaki da mahayin doki, an kuma matse su da gangan don kada mayaƙa su shigo a yuuya. Mota ba ta san wannan hikima ba, ita fili take so. A 2010 aka rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina wata sabuwa a madadinta. Ba ma musun cewa birni mai miliyoyin mutane yana bukatar titi mai faɗi. Abin da muke musu shi ne cewa babu wata dabara sai rushewa. Ana iya barin tsohuwar ƙofa a tsaye, titi ya raba biyu ya kewaye ta, kamar yadda aka yi a birane da dama na duniya. Sabuwar ƙofa ta siminti, komai kyanta, ba ta ga Rumfa ba, ba ta ga Dabo ba.

A nan ya kamata mu bambance abu biyu da ake cakuɗawa, wato gyara da adanawa. Mai gyaran tsohuwar mota burinsa ya mai da ita kamar ran da ta fito daga masana'anta: ya kankare tsatsa, ya nemo kayan gyara na asali ko ya sa a ƙera irinsu, ya yi mata fenti irin nata na farko, ya tayar da injin. Mai adanawa kuwa burinsa ya tsayar da lalacewa ba tare da ya share tabon da zamani ya bari ba. Motar Murtala adanawa take so. Ran da wani mai kyakkyawar niyya ya kai ta wurin mai walda ya toshe hudojin nan ya fesa fenti, ran nan ta tashi daga shaida ta koma tsohuwar marsandi kamar kowace. Amma tsohuwar Bedford ta ɗaukar gyaɗa, ko Landiroba ta Razdan, gyara ya fi dacewa da su, domin rabin tarihinsu yana cikin ƙararsu da warin hayaƙinsu da wahalar juya sitiyarinsu.

Kuma ba gwanaye muka rasa ba. Wanda ya taɓa zagaya Fanteka a Kaduna, ko ya zauna a garejin bakin titi ya ga bakanike ya yanka tsohuwar taya ya fitar da abin da kamfani ya daina ƙerawa, ya san hannun yana nan. Bambancin shi ne namu suna gyara don mota ta ci gaba da neman abinci. Ran da ta kasa, sai 'yan gwangwan. Dubi Fijo 504, wadda ta fito a Faransa a 1968, aka riƙa harhaɗa ta a Kaduna bayan buɗe masana'antar Fijo a 1975, aka ci gaba har cikin shekarun 2000, bayan Turai ta daɗe da barin ta. Ita ce motar gwamna da ta alƙali da ta ɗan tasha, ita ta kai amare ta kuma kai gawa. Haka Volkswagen ɗin nan mai ƙusumbi da aka harhaɗa a Ikko, wadda Yarabawa suka laƙaba wa suna ijapa, wato kunkuru. Shekarun baya ba a iya ƙirga su a titi. Yau sai mutum ya yi wata bai ga ɗaya ba. Motocin da suka yi zamani kafin a koma tuƙi ta hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, masu sitiyari a dama, su kam sai a hoto.

Mu da sana'armu harshe da adabi ce, akwai abin da ya kamata ya dame mu a nan. Hausa ta karɓi mota hannu bibbiyu. Ta ara ta hausantar: birki, giya, kafireto, lagireto, gareji, kwandasta, kamasho. Ta kuma ƙirƙiri nata, irin su karen mota da gingimari da akori-kura. Alhaji Mamman Shata ya wasa direbobi kamar yadda makaɗan fada ke wasa sarakuna, jikin manyan motoci kuma ya zama allon da ake rubuta karin magana da addu'a da habaici. Kalmomin suna cikin ƙamus, waƙoƙin suna cikin faifai, amma abubuwan da suke nuni gare su suna narkewa a tukunyar maƙera. Motocin yanzu ma ba su da kafireto, na'ura ce ke auna musu mai. Nan gaba kaɗan ɗalibin da ke nazarin waƙar direbobi zai tarar da kalmar, ya tambayi malaminsa, malamin ya buɗe ƙamus.

Dokar da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa a 1979 ta ba ta ikon ayyana gini ko wuri a matsayin abin tarihi, don haka gada da ƙofa suna da inuwar da za su fake. Abin da ɗalibi zai iya yi bai kai haka tsada ba. A hutun da ke tafe, wanda duk ya koma gida ya nemi direba mafi tsufa a tashar garinsu, ya tafi da rikoda. Ya tambaye shi motar da ya koyi tuƙi da ita da sunan maigidansa, da inda ake kwana a hanyar Ikko kafin a yi kwalta, da kogin da ya fi ba su tsoro. In akwai tsohon dutsen mil a bakin hanya, ko guntun gada da sabuwar hanya ta bari a daji, ya ɗauki hotonsa, ya rubuta sunan wurin da kwanan wata a bayan hoton.