Fanisau: Ribaɗin da Ya Zama Gidan Shan Iska

Daɗaɗɗiyar al'ada ce ga ma'abota mulki da wadata, idan bazara ta tsananta, hayaniyar birni kuma ta ishe su, su nemi tudu su hau domin shan iska, kamar yadda manyan Makka suka daɗe suna hawa Ɗa'ifa, kuma kamar yadda Turawan Ingila suka mai da Simla mazaunin gwamnatin Indiya na lokacin zafi tun 1864. Mu ma a ƙasar Kano muna da namu, sai dai shi yaƙi ne ya haife shi.

Sa'ad da Malam Ibrahim Dabo ya hau gadon sarauta a 1819, bai tarar da ƙasa kwance ba, domin Ɗan Tunku ya yi tawaye daga arewa, wajen Dambatta, yana ta kawo hari. Saboda haka Sarki ya dubi Fanisau, wadda ke arewa da birni a gindin duwatsu, ya ƙarfafa ta ta zama ribaɗi, ya yi gida a cikinta inda yakan sauka da rundunarsa. A can ne Baturen nan matafiyi, Kilafaton, ya iske shi a 1824.

Da Allah ya kashe wutar fitina, takobi ya koma kube, sai gidan ya zama masaukin sarakuna idan sun fito hutawa, kewaye da gandun sarki mai gero da dawa da auduga, har zuwa zamanin da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. Wajibi ne kuwa mai tarihi ya yi adalci ya faɗa cewa bayi ne suka nome gandun nan, kuma da guminsu aka ciyar da kowane baƙon da ya kwana a gidan, tun kafin a haramta bauta ɗungum a 1936.

A yau birni ya miƙo har ya taɓo gonakin Ungogo, jiragen sama na sauka kusa da duwatsun, amma Hawan Fanisau yana nan cikin hawan Sallah, Sarki yakan fita ya yini a gidan kakanninsa. Haƙƙi ne a kanmu mu kiyaye ginin nan, mu kuma riƙa ambaton waɗanda suka yi masa hidima tare da waɗanda suka huta a inuwarsa.