Kisan Iva Valley: Ranar da Aka Buɗe wa Ma'aikatan Kwal Wuta a Enugu

Duk wanda ya zauna a Enugu ya san ana mata kirari da birnin kwal. A kwalin nan ne jiragen ƙasa suka dogara shekaru da dama, har da masu ɗauko gyaɗa daga Kano, saboda haka labarin nan ya shafe mu.

A 1938 gwamnatin mulkin mallaka ta yi dokar da ta halatta rajistar ƙungiyoyin ƙwadago, a 1945 kuma Michael Imoudu ya jagoranci yajin aikin gama-gari na sama da kwana 40. Amma a ramukan kwal ba ta sauya zani ba. A ƙarshen 1949 ma'aikata suna bin bashin wasu kuɗaɗen alawus, hukumar mahaƙar ta ƙi biya. Da yake doka ta ƙuntata yajin aiki, sai ƙungiyarsu, wadda Okwudili Ojiyi yake wa sakatare, ta koma ga jan ƙafa: a shiga rami, a yi aikin sannu-sannu. Hukuma ta fara korar mahaƙa, su kuma suka zauna a wurin aikin suka ƙi fita.

Ranar 18 ga Nuwamba, 1949, aka tura 'yan sanda su kwashe nakiyoyin fasa dutse daga rumbun Iva Valley, wai don kada su faɗa hannun 'yan siyasa masu zafin ra'ayi. Mahaƙan suka ɗauka shirin rufe ramin ne, suka yi dafifi. Baturen ɗan sanda F. S. Philip ya ba da umarnin harbi. Mutum 21 suka mutu, 51 suka jikkata, babu mai bindiga a cikinsu.

Abin takaicin shi ne lokacin da hakan ya faru. A 1948 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta amince da Yarjejeniya ta 87 kan 'yancin kafa ƙungiya. A Yulin 1949, wata huɗu da 'yan kwanaki kafin harbin, ta ƙara da ta 98 kan 'yancin zama teburin ciniki da mai ba da aiki. Da wakilan Birtaniya aka yi waɗannan zaman a ƙetare, amma rubutun bai iso bakin ramin Iva ba.

Tarzoma ta ɓarke a Aba, Fatakwal, Kalaba da Anaca, 'yan kishin ƙasa da ba sa ga-maciji suka haɗu a kwamiti guda. Kwamitin bincike na Fitzgerald ya ɗauki abin da Philip ya yi a matsayin kuskuren lissafi, ya kuma ɗora wa Ojiyi wani kaso na laifin. A ganina wannan wanke hannu ne kawai.

Najeriya ta amince da yarjejeniyoyin biyu a Oktoban 1960. A 1998 ILO ta sa su cikin haƙƙoƙi na asali, tare da hana aikin tilas, bautar da yara da nuna bambanci. Lafiya da tsaron rai a wurin aiki kuwa, abin da mahaƙi ya fi kowa buƙata, sai a 2022 aka shigar da shi jerin.