Amsoshin Takardunku: Ina Ake Sa Karan Ɗori a Lambobin Turanci?

Tambayarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwa mai sayar da man gyaɗa. Ya ce idan zai rubuta kuɗi da kalmomin Turanci a rasit ko cek, a ina ake sa ɗan gajeren layin nan, kuma mene ne asalinsa?

To, Malam, sunan layin nan karan ɗori, kuma ƙa'idarsa ba wuya. Daga 21 zuwa 99, duk lambar da ta haɗa kalmomi biyu ana ɗaure su da shi, kamar twenty-one ko ninety-nine. Ba a sa shi kusa da hundred ko thousand ko million. Wato 325 sai ka rubuta three hundred and twenty-five. Mutanen Amurka kan bar and ɗin nan, amma karan yana nan.

Asalin abin kuwa, Turawan Ingila na da can ba haka suke ƙirga ba. Sukan fara da ƙaramar lamba, su ce one and twenty, wato ɗaya da ashirin. Har gobe haka Jamusawa suke yi, haka ma Larabawa, waɗanda daga wurinsu muka aro ashirin da talatin da arba'in. Sannu a hankali sai Turanci ya juya, babbar lamba ta koma gaba. Masana da dama na ganin akwai tasirin Faransanci a ciki, bayan da Normandawa suka ci Ingila a 1066. Amma fa canjin ya ɗauki ɗaruruwan shekaru. A fassarar Baibul ta Sarki James ta 1611 akwai salon biyu duka, kuma har a littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, tsohon salon bai mutu ba. Da aka yar da and daga tsakiya, karan ɗori ne ya rage yana riƙe kalmomin biyu.

Shi kansa karan daga Girkawa ya samo asali. Su lanƙwasasshen layi suke ja a ƙarƙashin kalmomi biyu, don a karanta su a matsayin ɗaya. Gutenberg, wanda ya buga Baibul da injinsa a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, ya yi amfani da shi inda kalma ta tsinke a ƙarshen layi.

Kada ka raina shi, Malam. Idan ka rubuta forty five-litre cans, jarka arba'in ke nan masu lita biyar-biyar, lita 200. Idan kuwa ka rubuta forty-five litre cans, sai a ɗauka gwangwani arba'in da biyar ne masu lita ɗaya-ɗaya, lita 45 kacal. Ka ga inda rigima ke tashi tsakanin mai kaya da mai saye.

Game da cek kuma, dokar Ingila ta 1882 ta ce in alƙaluma da kalmomi suka saɓa, abin da aka rubuta da kalmomi shi ne abin biya. Don haka ka natsu wajen rubuta kalmomin, ka sake karantawa kafin ka sa hannu.

Da fatan ka gamsu. Sai mun ji daga gare ku, a huta lafiya.