Daga Tofa zuwa Jidda: Shekara da Shekaru sun Koma Awa Biyar

Maniyyacin da ya bar Tofa ta jihar Kano da hantsi, in jirgi bai yi jinkiri ba, zai iya kwana a Saudiyya a ranar. Tsakanin Kano da Jidda kusan kilomita 3,400 ne ta sama, tafiyar awa biyar ko ƙasa da haka. Sau da yawa zaman jira a sansanin alhazai ya fi tafiyar kanta tsawo.

Kakanninsa kuwa sai sun raba gado kafin su tashi. Manomin Lambu ko Doka a ƙasar Tofa yakan jira kaka ta wuce, ya sayar da amfanin gona, ya nemi gafarar dangi, ya sa iyali a gaba ya nufi gabas. Hanyar ta bi ta Borno, ta ratsa Wadai, ta shiga Darfur, ta wuce Alfashir da Khartum har gaɓar Bahar Maliya, inda ake shiga jirgin ruwa a Suwakin. Guzuri ba ya kaiwa. Duk inda ya ƙare sai a yada zango, a yi ƙodago ko noma, a tara na gaba. Bayan an buɗe gonakin audugar Jazira a 1925, nan ne mahajjata da yawa suka yi shekaru suna aiki. Wasu an haifa musu 'ya'ya a hanya, wasu ƙasa ta rufe su a can, wasu suka zauna ɗungurungum. Garin Mai Wurno da ke bakin Shuɗin Nilu, wanda mabiyan Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903, har yau ana jin Hausa da Fillanci a cikinsa.

Masu hali sun sami wata hanyar. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya yi hajji a 1921 ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila.

A Nuwamban 1925 jiragen sama uku na sojan Ingila suka sauka a Kano, bayan kwana shida da tasowa daga Masar. Sai dai ba don alhazai suka zo ba. Waɗanda suka mayar da jigilar alhazai sana'a attajiran Kano ne, irin su Mahmud Ɗantata da Haruna Kassim da Ibrahim Musa Gashash, da suka kafa kamfanin WAPA a 1948. Da motoci suka fara, daga baya suka koma shatar jiragen sama.

Saurin ya zo da farashinsa. A da, talaka mai lafiyar ƙafa da haƙuri yana iya isa Makka da guminsa, ko da zai shekara bakwai. Yanzu fasfo da biza da kujera sun rufe wannan ƙofar. A 2025 kuɗin kujerar hajji daga Kano ya haura naira miliyan 8, abin da ƙaramin manomin Tofa ba zai haɗa ba sai ya sayar da gona.