Haƙƙin Baƙo da Amanar Mai Masauki: Nazari daga Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan

Tsakure

Wannan maƙala tana nazarin dangantakar baƙo da mai masaukinsa a arewacin ƙasar Zazzau, tana kuma kafa hujja cewa baƙunci a wurin Bahaushe alkawari ne na amana, wanda kowane ɓangare yake da haƙƙi da wajibi a cikinsa.

Gabatarwa

Duk wanda ya yi sallama a ƙofar wani gida a Malikanchi ta ƙasar Ikara, ko a ƙauyukan Makarfi da Kudan inda rake da mazarƙwaila suke jawo fatake da ’yan ci-rani, zai tarar cewa tun kafin a tambaye shi abin da ke tafe da shi, an yi masa shimfiɗa a zaure, an kawo masa ruwa. Asalin wannan ladabi yana cikin Shari’a, domin hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ɗora girmama baƙo a kan imani da Allah da Ranar Lahira, ya kuma iyakance liyafa ga kwana uku, abin da ya ƙaru kuwa sadaka ne. Daga nan Hausawa suka ce baƙonka annabinka.

Zaure da Zango

Hikimar zaure ita ce yana karɓar baƙo ba tare da ya keta hurumin iyali ba, saboda haka wajibin baƙo shi ne ya tsaya inda aka ajiye shi, ya kame idonsa da harshensa. Wannan ƙa’ida ce fatauci ya faɗaɗa har ta haifi sana’ar fatoma, wato maigidan da yake saukar da falke, ya adana masa haja, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa lamuni idan an sayi kayansa bashi, sa’an nan ya sami rabonsa daga la’ada. Masani Abner Cohen, a littafinsa na 1969 game da unguwar Sabo ta Ibadan, ya nuna cewa cinikin shanu da goro tsakanin Hausawa da Yarabawa ya dogara ne ga irin waɗannan masu gida, alhali su kansu baƙi ne a ƙasar wasu.

Baƙon Nesa

Sarauta ma wannan tafarki ta bi, domin lokacin da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya danƙa shi ga Waziri Giɗaɗo, wanda ya zama mai masaukinsa kuma tsaninsa zuwa fada, duk da saɓanin addini da harshe. Haka nan Girkawan dā sun ɗauki cutar da baƙo a matsayin saɓo, Larabawan jahiliyya kuma suna alfahari da wutar da suke hurawa da dare domin matafiyi ya hango ta.

Kammalawa

Abin da ya bambanta tsarin Hausawa shi ne yadda suka mai da karamci ginshiƙin ciniki, ta yadda mutumin da ba shi da dangi a gari yake samun wanda zai tsaya masa. A yau da rashin tsaro ya sa ake ɗari-ɗari da baƙuwar fuska, wajibi ne masu unguwanni da malamai su raya al’adar gabatar da baƙo ga mai gari, domin baƙon da aka san mai masaukinsa ya sami kariya, garin da ya sauka ma ya sami natsuwa.